Bututun da Malam Haladu Ya Binne

Hannuna na dama yana cikin makwararar wani gida a Dagumawa har kafaɗa lokacin da wayata ta yi ƙara. Ranar Talata ce, da hantsi. Maigidan, wani Alhaji mai sayar da taki, shi ya zaro ta daga aljihuna da yatsu biyu, ya kara mini a kunne, ya kau da hancinsa gefe.

"Yaya Sabi'u, Nafi'u ne. Baba ya cika."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Alhaji ma ya faɗa, bai san wanda ya rasu ba. A daidai nan yatsuna suka kama abin da nake lalube tun safe, na jawo shi. Soson wanke-wanke ne ya naɗe cokali. Ruwan da ya kwana uku a tsakar gida ya wuce da gurnani. Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi!" Sai kuma ya tuna, ya rage murya ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Na wanke hannu sau uku da sabulu, na hau babur.

Malam Haladu maigidana ne, shi ya koya mini aikin famfo. Nafi'u babban ɗansa ne, yana aikin gwamnati a Kano. Na shiga hannun Malam ina ɗan shekara goma sha bakwai, yanzu gemuna ya yi fari.

Ku samarin da kuke zama a bakin shagonmu na Sabon Gari a nan Wudil kuna cewa aikin famfo ai gam ne da zarto, kun gani a waya, saboda ku na zauna rubuta wannan. Akwai aikin da ke hannuna yanzu, a gidan Malam ɗin kansa. Bangon ɗakin matarsa, Inna Abu, ya sha ruwa. Bangon ƙasa ne. Tana cikin ɗakin tana takaba, damina kuma ta matso. Zan faɗa muku yadda aka zo nan, ku auna da kanku ko gam da zarto ne.

Shekarata ta farko ban taɓa famfo ba. Haƙa kawai nake yi, ina ɗaukar jaka. A jakar akwai sifana biyu, da zarto, da abin yanka zare a bakin bututun ƙarfe, da dunƙulen rama da gwangwanin koren fenti, domin da su ake naɗe mahaɗa kafin wannan farin tef ɗin ya zo. Sai wani guntun rodi kamu uku. Malam yakan kafa bakinsa a ƙasa, ya ɗora kunnensa a ɗaya bakin, ya lumshe ido. Idan bututu yana yoyo a ƙasa, yana jin shi. Ranar da ya fara ba ni rodin ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Malam, kamar ruwa."

Ya ce, "Cikinka ne. Je ka karya."

Aikin farko da ya bar ni na kwance kan famfo, a gidan wani tsohon hedimasta ne. Duk wata biyu famfonsa sai ya fara ɗiga. Malam ya ce masa, "Rufe mu gani." Mutumin ya tattare hannun riga, ya kama kan famfon da hannu biyu, ya cije leɓe, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, me famfon nan ya yi maka?"

"Ai sai an matse shi yake tsayawa."

Malam ya sa na kwance, ya ɗora masa 'yar robar da ke ciki a tafin hannu. Faɗinta bai kai ƙwandala ba, ta tsage biyu. Ita ce take tsayar da ruwa, ba ƙarfin mutum ba. Da zarar ruwa ya tsaya, a ɗauke hannu. Hedimasta ya ce ya gane. Bayan wata biyu muka koma.

Wata Hajiya kuma ɗanta ya gina mata kicin na zamani, da kwanon wanke-wanke na ƙarfe a jikin bango. Ita kuwa tun tana yarinya da yashi da toka take goge gindin tukunya, kuma ba ta ga dalilin dainawa ba. Da na kwance gwiwar bututun da ke ƙarƙashin kwanon, abin da ya faɗo sai da ya cika kwanon sha, ya daskare da man gyaɗa kamar bulo.

Ta ce, "Ikon Allah! Ni fa kullum sai na bi shi da tafasasshen ruwa."

Malam ya ce, "Shi ya raka man ya kai shi tsakiyar hanya, ya huce, ya bar shi a can."

"To yashin fa? Ai ruwa tafiya yake da yashi."

"Hajiya, kogin Wudil ma da girmansa ajiye yashin yake yi. Tifa ce take zuwa ta kwasa. Ke kuma tifarki Sabi'u ne."

Wanda ya fi ba mu wahala wani ne a Darki. Masansa na zamani ya toshe, abokinsa ya ce ya zuba ruwan batir, wai yana cinye komai. Ya zuba galan guda. Da bai yi ba, wani ya ce ya jefa mushen kaza a sokawe, ramin da masan yake zubawa, wai tsutsa za ta buɗe hanya. Ya jefa. Abin da ya toshe masan murfin buta ne, kuma muka ciro shi lafiya lau, har ya fi da haske. Abin da ruwan batir ya ci shi ne wandon Malam, daga gwiwa zuwa ƙasa. Da zanin matar gidan ya hau babur muka dawo gari. Ya ce idan na faɗa wa Inna Abu, ƙarshen koyon aikina ke nan. Ban faɗa ba. Ita ta ga zanin a kan igiya.

Muguwar shekararmu ita ce wadda wani gam ya shigo kasuwa, 'yan shekaru bayan kowa ya koma bututun roba. Gwangwaninsa irin na kullum, warinsa irin na kullum, yana kamawa a take. Ashe bayan watanni yake sakin jiki. Duk gidan da muka yi aiki a ranin nan, kafin kaka ƙasarsa ta jiƙe. Muka bi su gida gida muna tonewa muna sakewa, babu mai ba mu ko ruwan sha da fara'a. Akwai layin da muka daina bi da rana tsaka saboda 'yan majalisa. Har an fara ce mana masu haƙa rijiya a falo.

Tun daga nan Malam ya kafa doka biyu. Ba a binne bututu sai ruwa ya wuni a cikinsa muna gani. Kuma duk mahaɗar da aka binne, sai a kifa mata tsingaron tukunya, don mai tono ya san ya iso, ya ajiye diga ya sa hannu. Amma bai taɓa zana komai a takarda ba. Rabin bututun da ke ƙarƙashin Sabon Gari a kansa yake. Idan na ce, "Malam, mu rubuta," sai ya ce, "Ina zan je?"

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Jama'a ta zo daga ko'ina, kuma kowa sai ya yi alwala a famfon zaure, kowa kuma sai ya matse shi iya ƙarfinsa, don kada a ce ya bar ruwan mamaci yana zuba. Rana ta biyu kan famfon ya fita a hannun wani liman. Kafin in taso daga tabarma, wani ƙanen Malam ya yanko robar tayar keke ya naɗe wurin, ya ɗaure tam, yana cewa, "Zauna abinka, Sabi'u, ai abu ne mai sauƙi." Ruwan ya daina fita ta gaba, ya koma yana fesa wa masu gaisuwa ta gefe. Na tashi na gyara. Shi ne aikin farko da na yi ba wanda zai duba bayana.

A ranar uku na lura da gindin bangon ɗakin Inna, ta waje. Ya yi duhu zuwa gwiwa, alhali rabonmu da ruwan sama wata huɗu. Na danna da babban yatsa, ya shiga. Na ja Nafi'u gefe na nuna masa.

Ya ce, "Ba matsala, Yaya Sabi'u. Zan sa a yi masa filasta kafin sadakar bakwai. Abokan aikina za su zo, kada su ga gidan haka."

Na ce, "Kada ka rufe shi. Bari in nemo inda ruwan yake fitowa."

"Ai siminti yana tare ruwa. Da me ake yin dam?"

Ban ja da shi ba. Uba ya rasa, kuma gidansu ne. Wannan kuskurena ne, na rubuta shi don ku sani. Magini ya zo ya shafe bangon sumul, har da farin fenti. Abokan aiki suka zo suka yaba.

Bangon ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa ta jikinsa, rana tana busar da shi. Idan ka rufe masa fuska da siminti, ruwan ba ya fasa zuwa. Hawa yake yi sama ta ciki, inda ba ka gani. Sati biyar bayan nan Inna ta aika aka kira ni.

Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Ita tana bayan labule. A kwanonta na ci tuwo shekara tara kafin in yi aure, amma takaba takaba ce.

"Inna, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Sabi'u, kabad ɗina ta fara ruku'u."

Ta koma ƙuryar ɗaki, ta ce in ɗaga labule. Kabad ɗin kwanukanta ta karkato gaba, ƙafafunta na baya sun nutse. Bangon da ke bayan gado ya jiƙe har ƙirjina, yaɓen yana zubowa, ga tsaga ta taso daga ƙasa.

Na ce, "Inna, sai dai ki koma ɗakin can na kudu."

"A nan ya bar ni."

"Nafi'u ya tambayi malamai. Sun ce cikin gida ɗaya ne, babu laifi."

"Na ji abin da suka ce. Malamai sun yi gaskiya. Ba zan tashi ba. Kai dai nemo ruwanka."

Na ɗauko rodin Malam na bi tsakar gida taku taku. Ko'ina na kafa sai in ji motsi. Na fara tono. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa a gidan kowa ba. Duk guntun da ya ragu a wurin aiki shekara arba'in, nan Malam yake kawo shi. Ƙarfe ya auri roba, roba ta auri tiyon ban ruwa, wani layin ya tafi kamu goma ya juyo ya dawo inda ya fito. Da a gidan wani muka tarar da haka, da Malam ya yi sati yana ba da labari.

Na ce to, tsingaro zai nuna mini mahaɗa. Na tona nan, tsingaro. Na tona can, tsingaro. Na ajiye diga ina bi da hannu a hankali, ba komai a ƙasa sai wani tsingaron. Da la'asar na tara tuli guda, tsakar gida ta zama kamar gonar dankali bayan haƙa.

Inna ta ce daga ɗaki, "Me kake tarawa haka?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Ayya. Ai kakar Malam maginiyar tukwane ce. A nan take gasawa. Ko ka kai ruwa tsingaro za ka tarar."

Dabara ta ƙare mini, sai na yi abin da ya rage. Na hau na rufe tankin gidan gaba ɗaya, don bangon ya samu ya huta. Aka koma sayen ruwa. 'Yan garuwa suna turo kura ƙofar gidan Malam Haladu mai famfo, suna sallama da ƙarfi don unguwa ta ji.

Kwana biyu da rufewa, ina zaure ina tunani, sai ga Baba Idi ya dogaro sandarsa. Maƙwabcin Malam ne ta baya, tsohon masunci, gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin kai shi kogi. Daga shi sai matarsa a gidan, ita ma ta tsufa. Muka gaisa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Sabi'u, ku ma an ɗauke muku?"

"Me, Baba?"

"Ruwa mana. Gwamnati ta ɗauke tun shekaranjiya. Ban taɓa ganin sun yi haka ba. Ko wani babba ne ya rasu a can?"

Kowa a unguwar ya san bututun layinsu ya yanke tun wani gyaran hanya da aka yi da daɗewa, ba a sake haɗawa ba. Kowa da tankinsa ko garuwarsa. Baba Idi kaɗai ne kullum yake yabon gwamnati a majalisa, yana cewa shi famfonsa ko na minti ɗaya bai taɓa ƙafewa ba. An ɗauka tsufa ne. Ana ce masa, "Haka ne, Baba," ana ƙifta ido.

Na ce, "Mu je in gani."

Famfon yana gindin katanga, kusa da randarsa. Ban ko taɓa shi ba na gane. Mahaɗar an naɗe ta da rama, an shafe da koren fenti. Mutum ɗaya ne a Wudil bai daina yin haka ba. Na koma na buɗe tanki, na zagayo. Baba Idi yana tafi yana cewa, "Sun kawo! Ka gani ko? Ai ba sa daɗewa." Na koma na rufe. Ta katanga na jiyo shi yana cewa, "Af!"

Na auna da ido daga tanki zuwa famfonsa. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kuma ta ƙarƙashin gadon Inna ya bi.

Ranar Asabar Nafi'u ya zo, muka durƙusa a bakin labule mu biyu, na yi bayani. Inna ta saurara har na gama. Can ta ce, "Shekarar da kuke bin gidaje kuna tonewa, kafin a fara zaginku, Malam ya ce zai yi mini sabon daɓe. Ya tura ni gidanmu kwana biyu, wai ƙurar siminti. Ni da nake daka barkono ban yi tari ba."

Shekarar mugun gam ke nan, a kwana biyun nan ya binne bututun, gam ɗin kuma sai yanzu ya gama sakin jiki. Duk gidajen mutane ya koma ya sake. Nasa ne bai tona ba, domin da ya tona, da Inna ta tambaya.

Nafi'u ya ce, "To ai shi ke nan, an gano. A yanke layin. In ya so in riƙa aiko wa Baba Idi 'yan garuwa."

Inna ta ce, "Ubanka ya fi ka sanin inda 'yan garuwa suke."

"Inna, bango ne fa zai faɗo miki."

"Sabi'u."

"Na'am, Inna."

"Ruwan Idi ba zai tsaya ba. Kuma kada ya ji daga inda yake zuwa. Wanda ya yi abin bai faɗa ba, mu ba za mu faɗa masa ba."

Na ce hanya mafi sauƙi ita ce in ɗora sabon bututu ta saman katanga, aikin awa biyu. Ta ce Idi gwiwa ce ba shi da ita, idonsa garau yake. Don haka na yi kwana huɗu ina haƙa. Na fito da layi ta bayan ɗakin girki, na bi lungu, na zagaya ta bakin hanya, na shiga gidan Baba Idi ta ƙofar gida, ta inda ruwan gwamnati zai shigo in da yana zuwa. Ya kawo mini tabarma da soyayyen kifi, ya zauna yana kallo.

Ya ce, "Su suka turo ka ko?"

Na ce, "Turo ni aka yi, Baba."

"Ka gani! Gobe sai ka zo majalisa ka faɗa da bakinka."

Na bar ruwa ya wuni a ciki kafin in binne. Tsingaro kuwa ban sha wahalar nema ba. Tsohon layin na toshe shi ta baki biyu. Ran nan kuma na sayi littafi na zana layin, shi ne shafi na farko. Nafi'u da kansa ya riƙe mini tsani na farfashe filastar da ya sa aka yi.

To, ruwa ya daina shiga bangon. Amma wanda ya riga ya shiga yana nan, kuma tsagar ta kai kan taga. Na tokare shi da azara biyu ta waje, ɗaya ta ciki, Inna har ta rataya carbinta a jiki. Magini ya ce gyaransa ɗaya ne, a rushe a sake, kuma ba ya rushe bango da mutum a ɗaki. Jiya na sake roƙonta. Ta ce in gaida iyalina.

Saura kwana talatin da shida ta fita takaba. Shekaranjiya an yi ruwan farko a Darki. Bangon bai bushe ba tukuna.